Hannun Lawal da Aladun Iya

Hannun mutum na wane ne, nasa ko na mutanen da suka yarda da shi? Tambayar ta fi ƙarfin mai ba da wannan labari. Abin da ya sani kawai shi ne yadda ta faɗo wa Lawal malamin allura a Funtuwa, cikin kakar audugar 1964, a lokacin da yake ganin babu abin da ya rage masa na koyo a aikinsa.

A shekarun nan gwamnati ta tashi haiƙan sai ta ga bayan bushiya, ciwon nan da ke kwantar da garke sukutum. Ido ya yi ta zubar ruwa, baki ya ruɓe, zawo ya tsinke, kafin a ankara makiyayi ya tsaya riƙe da sanda babu abin kaɗawa. Daga gidan binciken dabbobi da ke ƙasar Jos ake kawo ruwan rigakafin, cikin 'yan ƙananan kwalabe kwance a ƙanƙara. Kowace saniya a soke ta, a huda mata kunne don shaida, baɗi a sake. Lawal yana cikin masu sokawa, kuma bai taɓa shakkar abin da yake yi ba. In ana hira a tashar mota yakan ce, "Jikokinmu sai dai a ba su labarin bushiya, su ce ƙarya muke yi."

Da farko Fulani gudu suke yi in sun hango motar allura, don sun ɗauka wata dabarar ƙirgar jangali ce. Lawal ne ya zaunar da su. Ɗan Maska ne, ya tashi da ruga a bayan gidansu, yana jin Fillanci daidai na gaisuwa da na zagi. Ba ya yi wa saniya tsawa. A gaban mai shanu yake kunna risho ya tafasa allura. Wata rana a Dayi ƙanƙara ta narke masa a hanya, maganin ya sha zafi, ga shanu an taro tun daga nesa. Sai ya buɗe kwalaben ya tsiyaye su a ƙasa a gaban kowa, ya ce maganin ya mutu, ba zai huda kunnen saniya a kan ruwan banza ba, a dawo in an kawo mai rai. Ranar ya sha zagi. Amma daga ranar, tun daga Funtuwa har Malumfashi, in aka ce masu allura sun iso, abin da makiyayi ke tambaya ɗaya ne: "Da Lawal?" In aka ce da shi, sai a kaɗo shanu. Ba su san abin da ke cikin kwalba ba. Hannun suka sani.

Abokin tafiyarsa Kayode ne, Bayerabe haifaffen bayan tashar jirgin Funtuwa, wanda in yana Hausa a bayan danga sai ka rantse Bakatsine ne. Tare suka yi elementare a Funtuwa. Kayode ya wuce gidan binciken, aka koya masa ɗibar jini da shirya shi don gwaji, aka dawo da shi cikin ayarin allura. A farkon kakar nan wani bijimi ya matse masa hannun dama a jikin turke, ƙashi ya tsage. Yanzu hannun na rataye a wuya, da hagu yake lallaɓa aiki.

Ana cikin haka ciwo ya ɓulla a rugar Ardo Manu, wadda ke bakin rafin da ya gangaro daga bayan tasha. Manu tsoho ne siriri mai kaifin baki, wanda in ya ce wa Fulanin yankin su tsaya, babu mai ɗaga ƙafa. Maruƙansa suka fara zawo, wasu suka mutu, sannan wata karsana ta bi su. Lawal da Kayode suka je da safe. Lawal ya durƙusa ya ɗebi jinin waɗanda ke kwance, Kayode na jera kwalaben cikin akwatin ƙanƙara.

Manu ya ja su wurin fatar karsanar da aka shanya, ya sa bakin sanda ya ɗaga kunnen.

"Kaɗo, wannan ba hujin ƙarfenka ba ne?"

"Nawa ne, Ardo," in ji Lawal.

"To me ya kashe ta?"

"Shi muka zo nema."

"Ai ba sai an nema ba." Ya nuna saman rafi da haɓa. "Ga shi can yana ihu safe da yamma, ruwan kashinsa na gangaro mana."

Kowa ya san abin da yake nufi. A bayan tasha akwai shingen aladu na Iya Folasade, uwar Kayode, wadda ke sayar da su ga Kiristocin da ke aikin jirgi. Su ma aladun sun kwanta zazzaɓi a 'yan kwanakin nan, har an binne wasu.

Kayode ya gyara ratayar hannunsa ya ce, "Baba Ardo, abin da ke kawo irin wannan ciwo ya fi ƙura ƙanƙanta, ko madubin likita na yau da kullum ba ya kama shi. Akwai bushiya. Akwai kuma wani ciwo da ke aron rigarta, amma ba ita ba ce, allurarmu ba ta san shi ba. Su aladu suna da nasu zazzaɓin, wanda ko saniya ta kwana a cikinsu ba zai kama ta ba. Ido ba ya raba waɗannan. Sai jini."

"Ga jinin kun ɗiba."

"Na shanu ne. Saura na aladun. In aka gwada su gefe da gefe za a san ko ciwo ɗaya ne."

"Ɗan mai aladu ya zama lauyansu," in ji Manu. "To wa zai ɗiba? Kai da hannu kamar fiffiken kazar da aka taka?"

Kayode ya juya ya dubi Lawal. Manu ya bi idonsa da kallo, ya gane, sai dariya ta ɗauke daga fuskarsa.

"Kaɗo, ji ni da kyau. Hannun da ya taɓa alade ba zai ƙara sauka a bayan saniyata ba. Nono muke sha. In kuwa na faɗa, babu rugar da za ta buɗe maka daga nan har inda ƙafarka ta taɓa kaiwa."

"Haba Ardo!" Lawal ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Ni da alade? Allah ya sawwaƙe. Ko inuwarsa ba na takawa."

Ya faɗa da ƙarfin da ya wuce bukata, har matan da ke tatsa suka ɗago kai. Kayode ya rufe akwatin ƙanƙara a hankali, ya ɗauka da hagu, ya yi gaba.

Sai da suka hau titi sannan ya yi magana.

"Ko inuwarsa?"

"Ka san Fulani, Kayode. Zagaye na biyu na allura ya kusa. In Manu ya buga ƙafa, shanu dubbai za su kwana babu rigakafi."

"Na sani. Ka san kuma samarin unguwa sun ce in kasuwa ta ci ta watse za su cinna wa shingen wuta? Ka san shingen a jikin ɗakin Iya yake?"

"A jira likitan dabbobi mana."

"Likita yana rangadi can wajen Daura. Kafin ya dawo ƙanƙarar nan ta zama ruwan wanka, aladun ko sun mutu ko sun zama gawayi. Jinin kuma sai zazzaɓi na kan ganiyarsa yake da amfani." Ya sassauta murya. "Ji mana. Ka shigo ta ƙofar baya da hantsi, lokacin da kowa ya tafi kasuwar auduga. Ni da kai da Iya. Ka soka, ka wanke hannu, ka fita. Wa zai kai wa Manu?"

"Sannan in je in dafa saniyarsa ina yi masa murmushi?"

"Ba ka yi a fili, ba ka yi a ɓoye. To a ina kake yi, a lahira?"

Suka rabu a mararraba babu sallama.

Abin da ya fi ci masa rai ba fushin Kayode ba ne. Iya ce. Tun suna yara in an tashi daga makaranta gidanta yake fara biyawa. Tana da wani kasko daban da ta rataye can sama a ƙusa, ba ta soya komai a ciki sai ƙosai, ba ta kuma sauke shi sai don Lawal da sauran 'ya'yan Musulmi. Ba wanda ya roƙe ta. Ita ta ga ya kamata. Shekara da shekaru matar nan tana tsare masa abin da yake gudu, ba ta taɓa yi masa dariya a kai ba. Yau ita ke bukata, shi kuma ya tsaya a tsakiyar ruga yana shelar inuwa.

Washegari ya hau keke ya nufi Maska wurin Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifinsa, wadda ke karantar da matan aure a zaurenta na ciki. Bai faɗa wa kansa dalilin zuwan ba, amma ya san shi. So yake a hana shi. In Gwaggo ta ce haramun ne, shi ke nan, ya sami bangon jingina, ko Kayode ba zai ce ya saɓa wa addininsa ba.

Ya tarar da ita a inuwa tana kaɗi, mazari na juyawa a cikin tasa. Bayan gaisuwa ya zayyana mata, yana zaɓen kalmomi masu nauyi.

"Ci aka ce ka yi?" ta tambaya, idonta na kan zare.

"Subhanallahi, Gwaggo!"

"To fataucin namansa?"

"Kunnensa zan riƙe in soka allura, in ja jini kaɗan."

"Yana da rai?"

"Ai ran ne ma ya yi masa yawa."

"To a karatun da aka karantar da mu, duk abin da ke numfashi jikinsa mai tsarki ne. Har kare. Har wannan ɗin. Jinin da ya kwarara najasa ne, amma na saniya ma haka yake, kai kuwa kullum da shi kake komawa gida har gwiwar hannu. Ka wanke, ka yi alwala, ka yi sallarka."

Lawal ya ji kamar wanda ya jingina da ƙofa, ashe ba a saka sakata ba.

"Amma Gwaggo raina ba ya so. Ko warinsa ba na iya jurewa."

"Wannan ƙyama ce. Ni ma ba na iya kallon mai cin gafiya, ga shi kuwa ba a hana shi ba. Ƙyama ba zunubi ba ce, ba kuma lada ba ce. Taka ce, riƙe abarka. Kada dai ka naɗa mata rawani ka zaunar da ita a kujerar alƙali."

Sai ya kwashe maganar Manu ya faɗa mata, da zagayen allurar da ke tafe, da shawarar ƙofar baya. A nan ne ta tsayar da mazarin ta dube shi.

"Ashe ba tsoron Allah ne ya taka maka keken nan ba, tsoron Bafillace ne."

"Gwaggo, shanun mutane ne da yawa."

"Na ji. Ƙofar bayan nan kuwa ka fitar da ita daga ranka. Saniyarsa ce. Yana da hakkin ya san hannun da ke taɓa ta, ko da dalilinsa na wofi ne."

"To me zan yi?"

"Hukunci ka tambaya, na ba ka. Abin yi kuwa, ga gemu nan a fuskarka." Ta murza mazarin. "In za ka tafi ka ɗaukar wa matarka daddawa a rumbu."

A hanyar dawowa ya yi ta juya abin, yana wuce jakuna ɗauke da buhunan auduga. In lissafi za a bi, ai babu gardama: shanu dubbai a hannu ɗaya, 'yan aladu a ɗayan. Kowane mai hankali zai ce a bar aladu. Amma duk lokacin da ya kai nan sai kunnen karsanar nan ya faɗo masa. Hujinsa ne a jiki. In bushiya ce ta kashe ta, to wani abu ya sami maganin, shi kuwa yana ta yawo yana zuba wa shanun mutane ruwa. In wani ciwo ne dabam, ya kamata a san sunansa tun yanzu. In aka ƙone shingen Iya kowa zai koma gida da sanyin zuciya an kashe mai laifi, abin da ke cin maruƙa kuwa ya ci gaba da cinsu. Ya tambayi kansa me Fulani suka gani a hannunsa tun farko. Ba tsarki suka gani ba, don ba su taɓa tambayarsa abin da ya taɓa jiya ba. Sun ga mutum ne da ya gwammace a zage shi da ya huda kunne a kan ƙarya. In ya adana hannun nan ta hanyar barin zato ya zauna a mazaunin sani, me ya adana?

Bai shiga gari ba. Kai tsaye ya karya keken zuwa rugar Manu. Ya tarar da tsohon yana shafa wa wani maraƙi kanwa a baki.

"Ardo, gobe da hantsi zan shiga shingen Iya in ɗebi jinin aladu."

Manu bai juyo ba. "Jiya inuwa ma ba ka takawa."

"Jiya bakina ya riga ni. Na zo in faɗa maka da kaina, kada ka ji a kasuwa. An ba ni shawarar in yi a ɓoye, na ƙi."

"Da ka yi a ɓoyen ai da ka huta."

"Da na huta, da ka ci gaba da miƙo mini shanunka ba ka san wanda kake miƙa wa ba. In aladun ne suka kawo ciwon, ni zan fara faɗa, ko da Kayode zai daina gaishe ni. In ba su ba ne, ka ƙone su ka dawo ka tarar da abin yana nan kwance cikin garkenka. Zo ka gani da idonka."

"Ni? Ƙafata ba ta taka wurin ƙazanta." Ya saki maraƙin ya miƙe. "Ka ji abin da na ce jiya. Ban canza ba."

"Na ji. Allah ya ba maruƙa lafiya."

Ya hau kekensa. Abin mamaki, ƙirjinsa sakayau yake jinsa, ko da yake ya san wataƙila ya rufe wa kansa kowace ruga a ƙasar.

Da hantsi ya isa bayan tasha da jakar aikinsa, ta ƙofar gaba. Iya Folasade na tsaye a bakin shingen, gajeriyar mace mai kauri, ta ci ɗamara da gyale. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Lawali, ka zo? An ce mini inuwa ma tana ba ka tsoro."

"Iya, a yi haƙuri."

"Haƙurin me? Shiga dai. Ka cire takalmin nan mai kyau, ga na roba can."

Kayode na gefe ya riga ya kunna risho, allurai na tafasa. Ya tura wa Lawal kwalaben da ƙafa, wanda a tsakaninsu ya isa sulhu.

Warin ne ya fara tarbar Lawal. Ya tsaya a ƙofar shingen, ya yi bisimilla a ransa ya taka. Ƙananan aladun da suka rage duk sun fara warwarewa, jininsu ba zai nuna abin da ake nema sosai ba. Wadda zazzaɓi ke kan ganiyarta ita ce uwarsu, wata ƙatuwa baƙa da Iya ke kira Gimbiya, tana kwance a kusurwa tana haki, idanu jajur. Mutumin da ke kama wa Iya aladu ya tsere tun da aka fara maganar wuta.

Labari ya riga ya zaga. Leburorin jirgi sun hau katanga, mata masu tallar abinci sun sauke tire, har wasu daga cikin samarin da suka yi alkawarin wuta sun zo kallo. Can nesa, ta inda iska ke tahowa, wani siririn tsoho ya tsaya, ya ja rawani ya rufe hanci, sanda a gicciye bisa kafaɗu, igiya a naɗe a hammata kamar mai shirin sayen sa a kasuwa.

"Ardo, ka ce ba ka zuwa!" Kayode ya ɗaga murya.

"Ban zo ba. Wucewa nake yi. Na tsaya ne in ga abin da zan faɗa wa Fulani."

Lawal ya matsa kusa da Gimbiya yadda yake matsa wa saniya, yana magana ƙasa-ƙasa, ya miƙa hannu. Yatsunsa suka sauka a kunnen. Zafi ne da shi kamar tukunyar da aka sauke, gashin kuma kaushi kamar tsintsiya. Bai gama jin wannan ba ta zabura da wani ihu da ya tsaga unguwar, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Sai ga malamin allura na ƙasar Funtuwa zaune daɓas cikin taɓo.

Katanga ta kwashe da dariya.

"Malam, ba saniya ba ce!"

"A huda masa kunne, ya karɓi tasa!"

Ya miƙe, shi ma dariyar ta kusa ƙwace masa. Iya ta shigo da wata 'yar igiya mai zarge, ta ce a baki ake sa musu, bayan haƙora, in ta kama sai su tsaya cak suna ja da baya. Ta jefa ta kuskure. Ta sake jefawa, Gimbiya ta kauce ta bangaje kwatarniyar ruwa. Kayode ya tare ta da hagu da ƙafa, ta wuce shi kamar ba ya nan. Suka yi ta zagaye shingen su uku, dabbar na gudu tana tangaɗi, kumfa na fita a bakinta.

"Kai! Kai!" Muryar Manu ce, kuma ta matso. "Wa ya koya muku bin marar lafiya a guje? Za ku fasa mata zuciya!"

Babu wanda ya kula shi. Lawal ya sake kai hannu, ya kama wutsiya, ta zille.

"Ta hagu, Kaɗo! Hagu! Wayyo, dubi wannan. Shekara nawa kana cikin dabbobi?" Yanzu yana bakin shingen, rawanin ya zame daga hancinsa bai sani ba. "Ke tsohuwa, tsaya wuri ɗaya! Ku ba ta kusurwa, ku daina ihu!"

"Tsohuwa ce uwarka," in ji Iya tana haki. "In ka iya, zo ka yi."

"Allah ya tsare ni."

Gimbiya ta faɗi a gwiwa, ta miƙe da ƙyar, ta sake zabura. Numfashinta ya koma wani irin gurnani mai ban tausayi. Manu ya dube ta, ya dubi sama, ya yi wata magana da Fillanci wadda Lawal ya gane zagi ce. Mutum ne da tun yana ɗan yaro bai taɓa iya tsayawa yana kallon ana wahalar da dabba a kamu ba, ko ta maƙiyinsa ce. Sandar ta faɗi ƙasa. Igiyar ta warware daga hammatarsa, ta yi kewaye ɗaya a iska, ta shige ƙarƙashin cikin Gimbiya ta zarge ƙafar baya. Ya fizga. Ta kife a gefe.

Katanga ta ɗauki sowa. Amma daga wajen shinge igiyar ba ta da ƙarfi, dabbar na shure-shure tana neman tashi.

"Danne wuyan, Kaɗo! Ba nan ba, bayan kunne! Kai, wannan yaro zai kashe ni."

Ya ɗaga ƙafa ya tsallake shingen. Takalminsa na fata ya nutse cikin taɓo. Ya naɗe igiyar a hannu, ya haɗe ƙafafun bayan biyu da ƙulli ɗaya, ya sa gwiwa ya danne mata ƙugu. Iya ta samu ta zura tata igiyar a baki. Gimbiya ta yi wani dogon ihu, sannan ta lafa, cikinta na hawa da sauka. Hannun Manu na hagu, wanda babu abin da ya sa shi, ya sauka a haƙarƙarinta yana bubbugawa a hankali yadda ake yi wa karsana mai haihuwar fari.

Kayode ya miƙo sirinji. Lawal ya durƙusa, ya shimfiɗa kunnen a tafin hannunsa, ya goge taɓon da auduga, ya matse gindinsa har jijiya ta taso.

"Kafin ka zo mini ruga," in ji Manu ta cikin haƙora, "da toka da sabulu za ka wanke hannun nan. A gabana. Allurar kuma a tukunyata za a dafa ta."

"To Ardo. Kai fa?"

"Ni me? Igiya ce ta taɓa."

"Gwiwar fa?" in ji Iya.

"Ke dai riƙe bakin abarki. Kaɗo, me kake jira, sai ta haihu?"

Lawal ya kwantar da bakin allurar a kan jijiyar, ya tura. Ya ja a hankali, jini ja wur ya fara hawa cikin sirinjin.